Makarantun gwamnati a cikin Kano: a wane aji yaro yake ɓacewa?

Malama Binta:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk sanda aka ɗauko zancen makarantun gwamnati a Kano, sai a tafi kan gini, ko kujeru, ko kuɗin NECO. Ba na musu, duk suna da muhimmanci. Amma ni a ƙaramar sakandare nake koyarwa a nan cikin gari, kuma abin da yake tayar mini da hankali daban ne. Yara suna zuwar mana da shaidar sun gama firamare, shekara shida cur, amma da yawansu ba sa iya karanta layi ɗaya na Hausa, balle Turanci. Ka yi rubutu a allo, za su kwafe maka shi tsaf, wasu ma rubutunsu ya fi nawa kyau. Ka ce wa yarinya tashi ki karanta mini abin da kika rubuta, sai ta sunkuyar da kai. Ba daƙiƙai ba ne, wallahi. Ka aike ta kasuwar Rimi da kuɗi ta sayo kaya biyar, ba za a cuce ta ko naira goma ba. To a ina aka bar ta a baya? Ina so masu koyarwa a firamare da iyaye su taya ni duba wannan.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam Malama. Kin zo mini a kan gaɓa. Yarana uku suna wata makarantar kuɗi a lungunmu, kuma kusan kowane zango sai an ƙara wani abu, in ba kuɗin makaranta ba to na littattafai ko na yunifom. Na fara tunanin mayar da su ta gwamnati, amma wannan bayani naki ya sa jikina ya yi sanyi.

Malama Binta:
Baban Ummi, kada ka ɗauka 'yan makarantar kuɗi duk sun tsira. Ana kawo mana su ma, idan iyaye suka gaza a aji shida. Wasu sun iya, wasu waƙoƙin Turanci kawai suka haddace. Makarantar da aka buɗe a gida mai ɗaki huɗu, malamar tana karɓar albashin da bai kai kuɗin motarta ba, ita ma da sauranta.

Malam Habu (tsohon hedimasta):
Malama Binta, Allah ya yi miki albarka da kika ɗauko wannan. Amsar tambayarki a wurina ba ta da wuya: yaro yana ɓacewa ne tsakanin aji ɗaya da aji uku. Duk abin da kike gani a sakandare, a can aka haife shi.

Bari in ɗan koma baya. Da aka fara UPE, shirin ilimin firamare ga kowa, a 1976, yara suka yi ambaliya cikin makarantu fiye da yadda aka yi tanadi. Abin da ya ɗan riƙe lamarin a lokacin shi ne kwalejojin horon malamai masu ba da Giredi Tu. Wanda ya fito daga can an koya masa yadda ake riƙe ɗan shekara shida, yadda ake koyar da baƙi da wasali, yadda ake haɗa ba, be, bi, bo, bu har yaro ya tashi da kalma. Daga baya aka ce NCE, wato shaidar kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, aka rufe waɗancan kwalejoji ko aka mayar da su sakandare. Ba na raina NCE, 'ya'yana ma sun yi ta a Sa'adatu Rimi. Amma wanda ya karanta Tarihi da Ilimin Zamantakewa, aka turo shi aji ɗaya, ba a taɓa nuna masa yadda ake buɗe wa yaro ido a kan harafi ba, me kike so ya yi? Sai ya cika allo da rubutu ya ce a kwafa.

Na biyu, kuma wannan laifinmu ne mu shugabannin makarantu gaba ɗaya: malamin da ya fi ƙwazo aji shida ake kai shi, saboda jarrabawar shiga sakandare, don a ce makaranta ta yi abin kai. Aji ɗaya kuwa sai a ba sabon ɗauka ko wanda ba a san inda za a ajiye shi ba.

Na uku, yawa. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ku shiga aji ɗaya a unguwanni irin su Kurna, Rijiyar Lemo, Dorayi, Rimin Kebe ko Sheka da ƙarfe takwas na safe, ku ƙirga da idonku. Aji mai yara fiye da ɗari ba abin mamaki ba ne. Kiran suna kaɗai ya cinye darasin farko.

Na huɗu, babu maimaita aji. Ya iya, bai iya ba, shekara ta zagayo ya wuce gaba.

Injiniya Kabiru:
Allah gafarta Malam, na yarda da duk abin da ka faɗa, amma ina so a yi wa makarantar gwamnati adalci. Ni ɗan Sayans Dawakin Kudu ne. Tun 1977 da aka buɗe ta tare da ta Dawakin Tofa, ku duba likitoci da injiniyoyin da suka fito daga waɗannan makarantu biyu. Ku shiga Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala ku tambayi manyan likitoci inda suka yi sakandare. Yawancinmu 'ya'yan talakawa ne, ubana ɗinkin hula yake yi. Kafin nan ma ga Rumfa, tun tana Midil a 1927, ita ta yaye Sarki Ado Bayero da Murtala Muhammad. Ga SAS ta nazarin Larabci, ga Dala ta 'yan mata, ga WTC ta horon malamai mata. Ke nan gwamnati in ta so, tana iyawa.

Malama Binta:
Injiniya, babu mai ja da kai a kan wannan. Amma ka tuna yadda ka shiga: jarrabawa ka zauna, aka tace, aka sake tacewa, aka ɗebi ƙalilan. Hukumar makarantun kimiyya da fasaha tana karɓar yaron da ya riga ya iya karatu ne. Ni ina maganar dubban da ko fom ɗin jarrabawar ba za su iya karantawa ba.

Injiniya Kabiru:
Haka ne Malama. Sai dai abin da nake nufi, me ya sa makarantar Sayans ta yi nasara? An ba ta hukumarta daban, aka zaɓo malamai, aka sa ido, aka hana alfarma wajen ɗaukar ɗalibai. Me zai hana a yi wa aji ɗaya zuwa uku irin wannan gata?

Sadiku Kurna:
Ni fa ina ganin ana rufe ido a kan abin da ake yi yanzu. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma da bakinsa ya faɗi cewa miliyoyin yara a ƙasa suke zama, bai ɓoye ba. Kasafin 2025 kusan kashi 31 cikin 100 ilimi aka ware wa. An gyara azuzuwa, an raba yunifom, an ɗauki malamai, an dawo da motocin ɗaukar 'yan mata. Ga sakamakon NECO na 2025, Kano ce ta ɗaya a ƙasa. Me kuma ake so?

Garba Tudun Wada:
Sadiku, ka faɗi naka ka manta na wasu. Wa ya ayyana ilimi kyauta kuma dole tun daga firamare har babbar sakandare a 2019? Ganduje ne. Kuma waɗanda suka zauna NECO a 2025, a zamanin wa suka yi ƙaramar sakandare? Batun ta ɗaya kuma, a yawan waɗanda suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi ne. Jihar da take cikin masu tura ɗalibai mafi yawa, ba abin mamaki ba ne ta fi yawan masu ci. A kawo mana kashi nawa cikin ɗari suka ci, sannan a ware na gwamnati da na kuɗi.

Sadiku Kurna:
Kyauta a baki ko? Ka tambayi hedimastoci ko kuɗin alli yana zuwa musu a lokacin.

Shugaban zaure:
Sadiku da Garba, don Allah a sassauta. Ba zauren jam'iyya ba ne. Malama ta yi tambaya a kan karatun yara, a tsaya a kanta.

Malam Habu (tsohon hedimasta):
'Ya'yana, ku biyun duk kuna da gaskiya a wani gefe, kuma ni na yi aiki a ƙarƙashin gwamnatoci da yawa, babu wadda ba ta taɓuka komai ba. Gwamna Abubakar Rimi ya kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, har duniya ta yaba. Kwankwaso ya kawo ciyarwa da yunifom kyauta, daga baya ya yi benayen azuzuwa da kuke gani ko'ina. Malam Shekarau malamin makaranta ne, ya riƙe Rumfa ma, ya kula da haƙƙin malamai da tsangayu. Ganduje ya yi dokar ilimi kyauta. Ta yanzu kuma ga abin da take yi.

Amma ku lura da abu guda. Kusan duk waɗannan, ko dai hanyar jawo yaro cikin makaranta ne, ko kuma taimaka masa a ƙofar fita. Ciyarwa ta cika mana azuzuwa, na gani da idona, kuma alheri ne. Sai dai yaran sun ƙaru, malaman ba su ƙaru daidai da su ba. Ko kuɗin UBEC ɗin nan, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya da dokar 2004 ta ware, wanda sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, mafi yawansa gini da kujeru ake yi da shi. Albashin malamin firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi yake fita ta hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Gini ana buɗe shi a ɗauki hoto. Yaron da ya iya haɗa baƙi a aji biyu babu mai zuwa ɗaukar hotonsa, shi ya sa ba a rububin aikin.

Ustaz Nura:
Malam, ka ba ni dama in ƙara wani abu da nake gani kullum, domin ina koyarwa a Islamiyya da yamma. Yaran nan da Malama Binta take cewa ba sa iya karatu, su ne dai suke zuwa mana bayan la'asar. Da yawansu suna karanta Alƙur'ani da wasullansa, wasu sun haddace izu biyar, wasu goma. Ƙwaƙwalwa ɗaya ce, yaro ɗaya ne. Me ya bambanta? A makarantar allo, yaro ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya biya, an ji da kunne cewa ya iya. In bai iya ba, ya koma ya sake. Kowa da inda yake, babu mai jan wani. A boko kuwa aji ne yake tafiya, ba yaro ba. Manhaja ta ce mako na bakwai a yi kaza, to za a yi kaza ko da rabin ajin suna mako na biyu. Ni ban ga abin da zai hana boko ta ari wannan daga gare mu ba, ko da a darasin karatu kaɗai.

Malama Binta:
Ustaz, wallahi ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kuma an taɓa gwada kusan irin haka a jihar nan. Akwai shirin KaLMA da aka yi a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, da haɗin gwiwar British Council. Ana gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga ko harafi ya sani, ko kalma, ko yana iya karanta labari. Sai a raba su rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, a ware musu lokaci kullum ana karatu da lissafi, da Hausa ake farawa. Wata ƙawata ta samu horon, ta ce yaron da ya shekara huɗu yana kwafe allo sai ga shi cikin 'yan watanni yana karanta gajeren labari. Ba ya buƙatar sabon gini. Abin da yake ci mini rai da irin waɗannan shirye-shirye na tallafin ƙasashen waje, ESSPIN ne, PLANE ne, duk wanda ya zo, muddin masu ba da tallafi suka naɗe tabarmarsu sai abin ya yi sanyi, malamin da aka horar a yi masa canjin wurin aiki, a koma gidan jiya.

Baban Ummi:
Ni nan ne zan ɗan saɓa muku. Hausa kuma? Yarana da Hausa suka tashi, da ita suke kwana. Na kai su makaranta ne don su iya Turanci, domin JAMB da NECO ba da Hausa ake yi ba. Kuma ai gwamnatin tarayya da kanta ta soke tsarin koyarwa da harshen uwa a ƙarshen 2025, wanda aka kawo a 2022.

Malam Habu (tsohon hedimasta):
Ta soke, Baban Ummi, kuma ni ina ganin ba a yi daidai ba, ko da yake dama tsarin bai taɓa sauka ƙasa sosai ba, babu littattafai, babu horo. Ka gane, jin Hausa daban, karanta ta daban. Yaro ɗan shekara shida da ka ɗora masa Turanci daga ranar farko, aiki biyu ka ba shi lokaci guda: ya gano yadda harafi yake zama sauti, kuma ya gano ma'anar kalmar da bai taɓa ji ba. Hausa kuwa yadda ake faɗinta kusan haka ake rubuta ta. In ya haɗa r-a-g-o ya ji "rago" ya fito daga bakinsa, ya san dabbar, sai ka ga fuskarsa ta washe, daga nan ya kama hanya. Wanda ya iya wannan, Turanci ba ya ba shi wuya, domin haruffan kusan ɗaya ne. Mu da muka yi firamare da Hausa a ajin farko, ba mu kasa Turanci ba. Ba cewa nake a bar Turanci ba, a koyar da shi tun aji ɗaya a matsayin darasi. Amma a buɗe idon yaro da harshen da yake mafarki da shi. Kuma mu faɗi gaskiya, a yawancin azuzuwanmu Turancin a allo kawai yake, bayani duk da Hausa ake yi. Sai yaro ya tashi babu wannan babu wancan.

Baban Ummi:
Na ji Malam, amma zuciyata ba ta gama kwanciya ba. Ɗan mai kuɗi yana jin Turanci tun nazire, nawa kuma a ce ya jira.

Hajiya Yalwa:
Ku yi haƙuri in sako zancen 'ya'ya mata, don kada a tashi ba a taɓa shi ba. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano tana cikin jihohi bakwai na farko, ya gyara makarantun 'yan mata da dama, an yi banɗakuna, wasu iyaye sun karɓi tallafi. Banɗaki ba ƙaramin abu ba ne ga budurwa, rashinsa kaɗai yana sa yarinya fashin kwanaki duk wata. Amma abin da Malama ta faɗa shi ne yake korar su tun kafin nan. Uwa tana kallo, 'yarta ta shekara biyar tana zuwa boko, ta miƙa mata takardar asibiti ta kasa karantawa. Sai ta ce to me ake yi? Gara ta ɗauki tallan ta tara na kayan ɗaki. Ana cewa iyaye ba sa son boko. Wasu haka ne. Amma da yawa sun gwada ne ba su ga amfanin ba.

Garba Tudun Wada:
Hajiya kin yi gaskiya. Kuma ƙarshen abin a kwalifayin yake fashewa. Yaro ya kai aji biyu na babbar sakandare, KERD, sashen ma'aikatar ilimi ta jiha, ta shirya jarrabawar tantancewa, wanda ya ci gwamnati ta biya masa NECO ko NBAIS ta ɗaliban Larabci da addinin Musulunci, wanda ya faɗi sai ubansa ya nemo kuɗi ko ya zauna a gida. Duk shekara sai an yi kuka a gidajen rediyo. Shekara goma sha ɗaya babu wanda ya tsayar da shi ya ce ba ka iya ba, sai a ƙofar ƙarshe. Daga nan ne wasu iyaye suke cin bashi su kai yaro makarantun da ake rubuta amsa a allo.

Sadiku Kurna:
A wannan kam ba ni da ja. Da za a yi irin wannan tantancewar a ƙarshen aji uku na firamare, ba don a kori yaro ba, don a san wanda za a tsaya a kansa, da ya fi.

Maman Halifa:
Ni tambaya ce da ni ba muhawara ba. Ɗan ƙanwata ba ya ji sosai, shekararsa bakwai, an sa shi a firamaren unguwa yana zaune kawai. Akwai ta gwamnati da ta dace da shi?

Malama Binta:
Akwai, Maman Halifa. Makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki, suna karɓar kurame da makafi. A fara kai shi asibiti a auna jin nasa, sannan ku je da takardar. Kada a ƙara ɓata masa shekara.

Baban Ummi:
To Malam Habu, a taƙaice dai, mutum irina da aljihu ya gaza, ya zan yi? In mayar da su ko in ci gaba da cin bashi?

Malam Habu (tsohon hedimasta):
Ba zan yanke maka ba, domin makarantun gwamnati ba ɗaya ba ne. A ƙaramar hukuma guda za ka samu wadda hedimastanta yake bakin ƙofa tun bakwai da rabi, ka samu wadda ƙarfe goma malamai ba su gama zuwa ba. Ka je da ƙafarka, kada ka aika. Ka je da safe, sannan ka sake komawa bayan an dawo daga tara, domin a nan ake gane makarantar da yara suke sulalewa. Ka leƙa aji ɗaya da aji biyu, ba ofis ba. Ka tambaya ko 'yan safe da 'yan rana ake yi, don ka san awa nawa ɗanka zai samu. Ka roƙi a ba ka yaro ɗaya daga aji uku, wanda kai ka nuna, ka ba shi ɗan rubutun Hausa ya karanta. Irin wannan gwajin ka yi wa naka yaran a gida yau da daddare, da rubutun da ba su taɓa gani ba, don ka san abin da kuɗinka yake saya maka a inda suke yanzu.

In ka mayar da su, ka shiga SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, kowace firamare ta gwamnati ya kamata tana da shi, kuma akwai kujerar iyaye a ciki. A nan za ka iya tsayawa ka ce a ba aji ɗaya malamin da ya fi kowa, kuma in malamai sun yi ƙaranci ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da sunan kwamiti. Takardar kwamiti ta fi ƙorafin mutum ɗaya nauyi. Daga cikin abin da ka rage na kuɗin makaranta kuma, ka ware wani abu ka samo mai yi musu lesin na karatu da lissafi, ko ɗalibin NCE ne a unguwa.

Ustaz Nura:
Mu ma a Islamiyyarmu zan kai wa shugabanni shawara, ko za a ware rabin awa ranar Asabar da Lahadi a riƙa biya wa ƙanana karatun Hausa da boko ɗaya bayan ɗaya. Malama Binta, in ƙawar taki tana da takardar gwajin nan ta KaLMA, a taimaka a turo mana ita nan zaure.

Malama Binta:
Zan tambaye ta in sha Allahu. Shafi ɗaya ce kawai: haruffa, kalmomi, gajerun jimloli, sai ɗan labari. In ba ta same ta ba, ni da Malam Habu za mu iya tsara muku irinta.